Jirgin Yaƙi A Cikin Kwali

 A wannan mako zancenmu ya ɗan kauce wa tukunya da allura, amma kada ki yi saurin juya shafi, domin maganar tarbiyya ce.

Wata rana maigida ko wani ƙaninki zai dawo daga tafiya da tsarabar wani ɗan kwali, da hoton jirgin yaƙi a bayansa. Yaro ya buɗe da murna, sai ya tarar ba jirgi a ciki. Abin da ke ciki 'yan gutsattsarin roba ne manne a jikin firam, kowanne da lambarsa, da takarda mai zane-zane. Ke kuwa sai ki ce an yi asarar kuɗi, kwana biyu ki share su ki zuba a shara. To, dakata. Ba a cuci kowa ba. Haka ake sayar da shi, mai saye ne zai harhaɗa shi da hannunsa, ya shafa masa fenti, har ya fito kamar na gaske.

Wannan sha'awa a Ingila ta yi ƙarfi. A 1936 wani kamfani mai suna FROG ya fara sayar da irin waɗannan jirage na roba. Daga baya Airfix ya shigo, wanda wani mutumin Hangare, Nicholas Kove, ya kafa a London a 1939. Wannan kamfani har matajin kai ya yi kafin ya koma ga wannan sana'a. A shekarun 1950 yana zuba kayan a leda ana sayarwa sule biyu, saboda haka ɗan talaka ma ya samu. Yanzu har Japan ta yi suna a wannan fanni, musamman lardin Shizuoka, inda kamfanonin Tamiya da Hasegawa suke.

A bayan kwalin za ki ga an rubuta 1:72. Ma'anarsa, an rage jirgin gaske sau 72, watau kowane inci ɗaya na ƙaramin yana tsaye a madadin ƙafa shida na babban. Ɗauki Spitfire, jirgin da Ingila ta kare kanta da shi a 1940 lokacin yaƙin Hitila. Daga bakin wannan fiffike zuwa wancan ƙafa 36 ne da inci 10. Idan an rage shi sai ya dawo inci shida da 'yan kai, ya zauna a tafin hannunki. Yaron da ya gane wannan ya gane lissafin da malami yake fama ya cusa masa a aji.

Kada kuwa ki ɗauka abin ya tsaya a wasa. A 1942 sojan ruwan Amurka suka roƙi 'yan makaranta su sassaƙa ƙananan jirage 500,000 na katako bisa wannan awo, a shafa musu baƙin fenti. Da su aka koya wa soja bambanta jirgin gida da na abokan gaba, domin ɗan jirgin da aka rataye a nisan ƙafa 35 daidai yake a ido da na gaske a nisan kusan rabin mil.

Mu ma labarin ya biyo ta ƙofarmu. Daga 1940 Ingila ta riƙa aiko da jiragen yaƙi irin su Hurricane a cikin manyan akwatuna, ta teku, zuwa Takoradi a ƙasar da ake kira Gana yanzu. A can ake harhaɗa su, sa'an nan su tashi su bi ta Ikko, da Kano, da Maiduguri, da Fort Lamy wadda ta zama Njamena, da Hartum, har Masar. Dubbai ne suka bi wannan hanya. Ashe abin da ɗanki zai yi a kan tabarma, shi manya suka yi a bakin teku.

To, yaya ake yinsa? Da fari a wanke firam ɗin da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu, domin akwai maiƙon masana'anta da ke hana fenti kamawa. Kada a ɓalle gutsattsarin da hannu, a yanke su da abin yankan farce, ɗaya bayan ɗaya, sai wanda takarda ta kira lambarsa. A goge bakin da sanfefa mai laushi. Kafin a sa gam a gwada haɗa su a ga sun zauna, domin gam ɗin wannan aiki narkar da robar yake yi ta haɗe, in ya kama ba gyara. Ɗigo kaɗan ya isa, da tsinken sakace ake ɗiba. Mazaunin matuƙi shi ake fara yi wa fenti, tun ba a rufe ɓarin jiki biyu ba. A ɗaure su da robar ɗaure kuɗi su kwana. Gilashin saman matuƙi kuwa da farin gam na kafinta ake manna shi, wancan gam ɗin yakan dusashe shi.

Wajen fenti a nan ake gane mai haƙuri. A tsinka shi, a shafa sau biyu ko uku, kowane shafi ya bushe kafin na gaba. Mai gaggawa yakan lafta shi da kauri, ya binne duk 'yan layukan da ke jikin jirgin. Tambarin da ke kan takarda a tsoma shi a ruwa kaɗan, sai ya sulɓe a zaunar da shi a wurinsa. Lokacin hunturu a kife kwano a kan aikin saboda ƙura, kuma kada a bar shi a rana, robar takan lanƙwashe.

Ga gargaɗi, uwargida. Gam da wasu irin fenti suna da wari mai hawa kai, kuma suna kama wuta. A buɗe taga, a nisanci murhu. In da hali a nemi fentin da ake tsinkawa da ruwa. Reza ta zauna a hannunki. Mai rarrafe kuwa a kau da shi, domin ɗan tayan jirgi bai fi ƙwayar wake ba, yana iya haɗiyewa.

Wata za ta ce ai wannan na maza ne. Ina! A Ingila lokacin yaƙin, mata fiye da 160 ne suka riƙa tuƙa jiragen yaƙi daga masana'anta zuwa sansanin soja, ƙarƙashin shugabancin Pauline Gower, kuma a 1943 aka daidaita albashinsu da na maza. Har wa yau injin Spitfire yana da wani aibi, idan matuƙi ya kifa hancin jirgin ƙasa da sauri sai injin ya shaƙe. Wata injiniya, Beatrice Shilling, ita ta ƙago ɗan ƙarfe mai huda da ya rage wannan matsala a 1941. Hannun da ya iya zanen hula da saƙar faifai ba zai gaza riƙe burushi ba. Saboda haka in kwalin ya shigo gida, a kira 'ya mace ita ma ta zauna.

Abu ɗaya ya rage. Jirgin yaƙi don kisa aka ƙera shi, kada kyansa ya mantar da mu. Idan yaro ya gama ya ɗaga shi sama yana ƙarar harbi da baki, ki zaunar da shi ki gaya masa matuƙan nan yawancinsu samari ne, kowanne da uwarsa tana jira, da yawa kuwa ba su koma gida ba. A ƙasa ma akwai mata da yara da wuta ta faɗa wa.

Na farkon da zai haɗa lalle zai fito a karkace, da shatin yatsa a jikin fiffike. Kada ki yi masa dariya, kada kuma ki karɓe ki gyara masa. Ki ajiye shi a saman kabad inda baƙi za su gani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, yaron da ya iya jiran gam ya bushe kuwa zai iya jiran abin da ya fi wannan.

Allah ya shirya mana zuriya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.