Koyar da Yara Sanin Dabbobi Masu Shayarwa ta Hanyar Gani da Ido

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Wannan karin magana ita ce ginshiƙin koyar da yaran firamare sanin dabbobi masu shayarwa, wato dabbobin da jikinsu ke da gashi, suke kuma shayar da 'ya'yansu nono. Yaron da ya haddace wannan bayani daga allo yakan manta bayan jarrabawa, amma wanda ya kalli ɗan akuya yana tsotson uwarsa da wuya ya manta.

Da farko, malami ya kai ɗalibansa turken awaki. Su shafa gashin akuya, su ji ɗumin jikinta, sannan su leƙa bakinta. Za su tarar ba ta da haƙoran gaba a sama, sai dasashi mai tauri. A nan ne zai bayyana musu tuƙa: cikinta sassa 4 ne, takan haɗiye ciyawa, daga baya ta dawo da ita baki ta sake taunawa. Haka kuma, su tambayi makiyaya tsawon ciki. Za su ji akuya wata 5 take yi, saniya wata 9, raƙuma kuwa kimanin wata 13.

Na biyu, a fita duba sawu a laka lokacin damina. Kofaton tunkiya a rabe yake biyu, na jaki kuwa a dunƙule.

Na uku, a jefa musu zancen jemage. Tashi yake kamar tsuntsu, amma ba ya ƙwai. Haihuwa yake, yana shayarwa. Sai dai kallonsa daga nesa za a yi. Haka ma ɓera, domin wani nau'insa yana yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969. Bayan kowace fita, a wanke hannu da sabulu.

Makarantar da ke da hali tana iya kai ziyara Yankari ta Jihar Bauci, dajin da aka keɓe a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, inda ake ganin giwa da ɓauna da gwanki.

Masu nazarin Hausa ma suna da ruwa a wannan al'amari. Yaron birni yakan san kurege da dila a tatsuniya kawai. Idan bai san dabba ba, sunanta da kirarinta da karin maganar da aka gina a kanta duk sai su zame masa baƙi, harshe kuma ya yi hasara.