Minjibir da Hanyar da Ba a Tafiyarta da Ƙafa

Yau muna so mu yi magana a kan kuɗin da Gwamnati ke warewa domin kai intanet ƙauyuka, mu auna shi da ƙasar Minjibir.

Wanda ya san wannan ƙasa ya san ba daji ba ce. Tana arewa maso gabas da birnin Kano, gona na jingine da gona, ba a barin saura, tun zamanin da jakuna ke fito da taki daga birni su koma da itace. A ƙidayar 2006 an sami mutum 213,794 a cikin murabba'in kilomita 416, watau fiye da mutum ɗari biyar a kowane murabba'i. Ga masaƙa da aka san garin da su tun kaka da kakanni, ga masu noman rani da masunta a bakin madatsar ruwa ta Wasai, wadda aka gina a kan kogin Jakara a 1976. Kowannensu yana da abin sayarwa, kuma yau ciniki ya koma cikin waya.

Wanda ke shakkar haka ya tuna da farkon 2023, sa'ad da aka canja takardun naira, tsabar kuɗi ta ɓace. Mai tumatir ya kawo kwandonsa, mai saye ya ce ya tura kuɗi, su biyu suka tsaya suna kallon waya, sabis ya ƙi. Tumatir kuwa ba ya jiran sabis. Haka yaron da zai shiga jami'a: tun 2015 jarrabawar JAMB a kwamfuta ake yin ta. Malamai ma shaida ne, littafin da dā sai an yi tattaki zuwa Kurmi, yau almajiri kan same shi a waya in hanyar ta buɗe.

To, ina kuɗin? Dokar sadarwa ta 2003 ta kafa wani asusu da ake kira USPF a ƙarƙashin hukumar NCC, ya fara aiki a 2006. Ana zuba masa wani kaso daga harajin da kamfanonin waya ke biyan hukumar, domin a tallafa a kafa ƙarfen sabis da ɗakunan kwamfuta inda kamfani ba ya hangen riba. A 2020, lokacin Minista Isa Ali Pantami, aka fito da shirin shekara biyar, aka yi nufin kafin ƙarshen 2025 mutum saba'in cikin ɗari su sami intanet mai sauri, gigabait ɗaya kuma kada ya wuce naira 390. Wa'adin ya cika ba a kai saba'in ɗin ba, a Janairun 2025 ma hukuma ta yarda kamfanoni su ƙara farashi har kashi hamsin cikin ɗari. Sa'an nan a 2024 Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince da binne igiyar zaren gilashi, wadda ake kira faiba, mai tsawon kilomita 90,000, aikin da aka ƙiyasta zai ci dala biliyan biyu.

A ganinmu, abin tsoro ga Minjibir shi ne kusancinta da birni. Mai rabon tallafi yana duba taswira ne, ya ga inda babu sabis sam, can ya nufa. Ƙasar da ke gindin Kano kuwa sai a lissafa ta cikin waɗanda suka samu, alhali samu iri-iri ne. Sabis ɗin da zai ɗauki murya daban, wanda zai kai hoton zane ga mai saye a Legas ko ya tabbatar da kuɗi sun shiga daban. Mutumin Kunya ko Kantama ko Gandurwawa ba ya cikin nesantattun da ake tausaya wa, ba ya kuma cikin na birni da kamfanoni ke rububinsu.

Hujjar da aka saba kawowa, cewa mutanen karkara a warwatse suke, ba ta tsaya a nan ba. Abin da ke tsadar da aikin shi ne wuta da igiya. Ƙarfen sabis ba ya barci, inda lantarki ba ta tsayawa sai injin ya sha man dizal dare da rana, ko a sa masa faranti mai zuƙo hasken rana. In kuma ba a haɗa shi da faiba ba, kamar rijiya ce mai ƙaramin ido da gari duka ke ɗiba. Binne igiyar ma sai an biya Gwamnatin jiha kuɗin ratsa hanya. Tun 2013 aka daidaita a kan naira 145 kowace mita, amma jihohi da dama suka daɗe suna karɓar ninkin-ba-ninkin haka, har Kaduna ta yafe nata a 2020.

Attajirai sun san jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi daraja, amma wanda ya fi kusa da tasha shi ya fi cin moriya. Saboda haka tambayar da ta kamata hakimi da shugaban ƙaramar hukuma da wakilan Minjibir a majalisa su yi tun ana zanen taswira ita ce: wannan igiya ta kilomita 90,000, a sakatariya za ta tsaya, ko za a ja reshenta zuwa kasuwanni da makarantu da asibitocin mazaɓu goma sha ɗaya na ƙasar?