Shanya Jiki a Rana: Ado Ne Ko Illa?

A ƙasashen Turai da Amurka, fararen fata da dama sun ɗauki duhun fata a matsayin ado. Saboda haka sukan kwanta a bakin teku su shanya jikinsu a rana. Wasu kuma sukan biya kuɗi su shiga wani gado mai murfi, wanda fitilunsa ke rina fata.

To, me ke faruwa a jiki? Rana da waɗannan fitilu duk suna fitar da wani haske da ido ba ya gani, wanda masana ke kira ultrabayolet. Idan ya ratsa fata, yakan lalata DNA, wato sinadarin da ke tsara aikin ƙwayoyin halitta. Daga nan sai fata ta ƙara samar da melanin, sinadarin da ke ba ta launi, domin ta kāre kanta. Ke nan duhun da ake sha'awa alama ce ta rauni.

Idan ɓarnar ta taru shekara da shekaru, fata takan yi tamoji tun kafin tsufa, kuma tana iya kamuwa da sankara, wadda mafi muninta ita ce melanoma. A shekarar 2009, cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya irin wannan gado cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar. A shekarar ce kuma Burazil ta haramta amfani da shi don ado.

A ƙasar Hausa, wannan haɗari ya fi shafar zabiya, domin fatarsu ba ta da isasshen melanin. Ya kamata malamai su tabbatar ɗalibi zabiya yana sanya malafa da riga mai dogon hannu, kuma kada a tsayar da shi cikin rana.