Daga Madafa Zuwa Wayar Hannu: Yadda Ƙaramar Tashar Girki Ke Tara Masu Kallo a Zamfara

Sayar da abinci daga cikin gida tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Wata masaniya daga Ingila, Polly Hill, wadda ta yi bincike a Ɓatagarawa kusa da Katsina cikin 1967, ta kira wannan harka ɓoyayyen ciniki, domin mai dafawa ba ta fita, mai saye kuma ba ya shiga. Yara ne ke yawo da farantin talla tsakaninsu. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, sannan intanet ta biyo bayanta cikin wayoyin, sai aka sami sabon ɗan talla wanda ba ya gajiya, wato faifan bidiyo. Yanzu mace tana iya zama a Tudun Wada ta Gusau, ko a Tsafe, ko a Bunguɗu, ta ɗauki yadda take haɗa miyar sure ko kwaɗon hoce, ta ɗora a YouTube ko TikTok ko Facebook. Ɗorawar ba ta da wuya. Abin da ke da wuya shi ne samun wanda zai kalla, kuma a nan ne masu ƙananan tashoshi da yawa ke karaya bayan 'yan watanni, sun ƙona data da kayan miya ba su ga komai ba. Shin mene ne ke sa wani faifai ya bazu, wani kuma ya mutu a inda aka haife shi? Masana zamantakewa da masana lissafi sun daɗe suna bin wannan tambaya, tun kafin a ƙirƙiro intanet.

Lissafin yaɗuwa

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar al'amarin ita ce a ari lissafin da masana cututtuka ke yi wa annoba. Abin da suke dubawa shi ne, mutum guda da ya kamu, mutum nawa yake sa wa? Haka faifai yake. A ɗauka wata mai girki a Tsafe ta tura faifanta ga mutum 100 da ke cikin wayarta, 'yan uwa da maƙwabta da ƙawayen Islamiyya. Idan kowane mutum goma suka jawo sababbin masu kallo biyar, to ɗarin farko za su kawo 50, hamsin ɗin su kawo 25, a yi ta raguwa har a tsaya a wajen mutum 200. Idan kowane goma suka jawo takwas, jimillar za ta kai 500. Idan tara suka jawo, za ta kai 1,000. Mai karatu zai lura cewa daga takwas zuwa tara ƙarin mutum guda ne kacal, amma ya ninka masu kallo. Sai ranar da kowane goma suka jawo fiye da goma ne faifai ke yin abin da ake kira tashe, kuma wannan ba kasafai yake faruwa ba.

Lissafin yana koyar da abu biyu. Na farko, yawan mutanen da aka fara da su yana da tasiri, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, ɗan ƙaramin gyaran da zai sa mutum ya ga faifan ya cancanci ya tura wa ƙanwarsa amarya ya fi sayen sabuwar waya amfani. Faifan da ya warware wata matsala takamaimai, alal misali dalilin da ke sa masa ta ƙi tashi ko alkaki ya yi tauri, ya fi samun mai tura shi a kan faifan da ya nuna kyakkyawan kwano kawai.

Akwai kuma tambayar su wa ake tura wa. A 1973 wani masanin zamantakewa a Amurka, Mark Granovetter, ya nuna cewa masu neman aiki sun fi jin labarin gurbi daga bakin mutanen da suka sani sama-sama, ba daga aminansu ba. Dalilin a fili yake: aminai sun san juna, labarin da ke wurin ɗaya yana wurin sauran. Idan faifai ya shiga zauren WhatsApp na dangi guda a Bunguɗu, zai zagaya ya dawo, kamar ruwa a kwano. Wadda za ta fitar da shi ita ce 'yar uwar da aka aurar Kaduna, ko ɗalibar Jami'ar Tarayya ta Gusau da ta zo daga wata jiha, ko matar ɗan kasuwar da ke zaune a Maraɗi. Irin waɗannan su ne gadoji, kuma gada guda ta fi aminai ashirin kai faifai nesa.

Tun a 1943 ma Bryce Ryan da Neal Gross sun binciki yadda manoman jihar Ayowa ta Amurka suka karɓi sabon irin masara. Sun gano cewa yawanci daga bakin dillalai manomi ke fara jin labarin irin, amma maganar maƙwabci ce ke sa ya shuka. Duk wanda ya san yadda sabon girki ke shiga unguwa a Gusau ba zai yi mamaki ba. Waya tana iya nuna wa mace faifai sau uku, amma ranar da maƙwabciyarta ta ce ta gwada ya yi kyau, ranar take ɗora tukunya.

Na'urar da ke zaɓe

Mafi yawan abin da mutane ke kallo a waɗannan dandali ba su suka nema ba, manhajar ce ta miƙo musu. A 2012 kamfanin YouTube ya sauya ma'auninsa daga yawan dannawa zuwa tsawon lokacin da aka ɗauka ana kallo. A 2016 injiniyoyin Google sun wallafa bayanin yadda tsarin ke aiki a lokacin: mataki na farko yana tsamo 'yan ɗaruruwan faifai daga cikin miliyoyi bisa abin da mutum da masu kama da shi suka taɓa kallo, mataki na biyu kuma yana jera su bisa hasashen minti nawa mutumin zai zauna a kan kowanne. Tsarin ya sha gyara tun daga nan, amma tushen yana nan. Na'urar ba ta san ɗanɗanon miya ba, ba ta kuma san mai girkin ba. Abin da take gani shi ne an danna ko ba a danna ba, an zauna ko an wuce.

A nan ne wata kyakkyawar ɗabi'ar Bahaushe ke zama cikas. Mai girki za ta buɗe faifai da sallama, ta gai da masu kallo da gajiya da iyali, ta gode wa waɗanda suka yi tsokaci a makon jiya, ta roƙi a danna alamar bi, kafin ta nuna ko albasa guda an ci minti ɗaya da rabi. Baƙon da bai san ta ba ya riga ya wuce, na'urar kuma ta rubuta cewa faifan bai riƙe mutum ba. Ba a ce a bar sallama ba, wannan ba tarbiyya ba ce. Ana iya yin ta cikin numfashi guda alhali hoton gamammen abincin yana kan fuskar waya, a ajiye doguwar gaisuwa sai ƙarshe, inda masoya na haƙiƙa ne kaɗai suka rage. Manhajar tana ba kowane mai tasha jadawalin da ke nuna daidai daƙiƙar da mutane suka fara guduwa, kyauta, amma kaɗan ne ke buɗe shi.

TikTok kuwa ya bayyana a 2020 cewa yawan mabiya ba ya cikin abubuwan da yake dubawa kai tsaye wajen miƙa faifai, shi ya sa sabuwar tasha kan wayi gari da dubban masu kallo. Sai dai mai kallon da ya zo ta wannan hanya kamar fasinjan da mota ta tsaya da shi a Tsafe ne a kan hanyar Funtuwa: ya saya, ya ci, ya wuce, bai tambayi sunan mai abincin ba.

Rabo ko iyawa?

A 2006 wasu masana uku na Jami'ar Kolambiya, Matthew Salganik da Peter Dodds da Duncan Watts, sun yi wani gwaji mai ban sha'awa. Sun tara mutum fiye da 14,000 a intanet, suka ba su waƙoƙi 48 na mawaƙan da ba a sani ba. An raba mutanen rukuni-rukuni. A rukuni guda ba wanda ke ganin zaɓin wani. A sauran rukunai takwas kowa yana ganin sau nawa 'yan rukuninsa suka sauke kowace waƙa. Sakamakon shi ne, a inda ake ganin zaɓin juna, tazara tsakanin waƙar da ta yi fice da sauran ta fi faɗi, kuma waƙar da ta zo kan gaba a wannan rukuni tana iya zama a tsakiya a wancan. Waƙoƙi mafiya kyau ba kasafai suka faɗi ƙasa warwas ba, mafiya muni ba kasafai suka hau sama ba, amma tsakanin nan komai na iya faruwa. Ma'anar wannan ga mai tashar girki ita ce, faɗuwar faifai guda ba hujja ba ce a kan iyawarta, haka ma tashen faifai guda. Wadda ta ɗora faifai hamsin masu kyau ta jefa ƙugiya sau hamsin, wadda ta ɗora biyar ta yi fushi ta jefa sau biyar.

Abin da ya keɓanta da Zamfara

Kuskuren da ya fi yawa shi ne kwaikwayon manyan tashoshi. Mai son koyon kek ko soyayyar shinkafa yana da dubban malamai daga Legas har Indiya, ga kuma shirye-shiryen talabijin irin Akushi da Rufi na tashar Arewa24 da ke Kano, masu fitilu da kyamarori. Ƙaramar tasha ba za ta ja da su a nan ba. Amma mutum nawa ne suka iya nuna yadda ake hoce tun daga dawa har zuwa kwaɗa shi da ƙuli? Bazamfaren da aiki ya kai Abuja ko Fatakwal, da Hausawan zango a Kumasi da Ankara, da mazauna Sudan da Saudiyya, duk suna neman abincin gida da harshen gida. Karin harshen Zamfara da wasu ke ƙoƙarin ɓoyewa a gaban kyamara shi kansa alama ce da ke bambanta tasha da saura. Wajen rubuta suna kuma, yana da kyau a tuna cewa yawancin masu nema ba sa rubuta haruffa masu lanƙwasa a waya, don haka a sa kalmar iri biyu a cikin bayanin faifan. Watan azumi ne kakar wannan sana'a, kuma tun cikin Sha'aban ake neman kunu da kayan buɗa baki, ba ranar goma ga wata ba.

Sai batun data. Bisa ma'aunin da YouTube ya bayar, faifan minti biyar yana cin kusan megabayit 94 idan an kalle shi da hoto mai kaifi na 720, amma kusan 26 ne a kan na 360. A farkon 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Saboda haka mai kallo a Kwatarkwashi zai rage kaifin hoton, kuma duk rubutun da aka yi da ƙananan haruffa a kan faifan ba zai karantu ba. A faɗi awo da baki, gwangwani nawa, ludayi nawa, a kuma kashe janareta lokacin ɗauka, domin mutane sun fi jure wa hoto mai hazo a kan murya marar fita.

Tsadar data ta haifar da wata al'ada: a sauke faifai a tura shi kansa ta WhatsApp ko Xender, ko a karɓo a shagon masu tura finafinai a katin waya. Faifai yana iya zagaye rabin Bunguɗu ta haka alhali ƙididdigar tashar ba ta motsa ba. Ba a iya hana wannan, kuma ba lallai ne a so hanawa ba. Dabarar ita ce a manna sunan tashar a jikin hoton tun daga farko har ƙarshe, yadda duk inda faifan ya je zai yi talla.

Game da kuɗi, gara a yi lissafi tun da wuri. Tun 2018 sharaɗin YouTube na fara raba kuɗin talla a kan dogayen faifai shi ne mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin wata goma sha biyu. Sa'a 4,000 minti 240,000 ne. Idan kowane mai kallo yana zama minti uku, ana bukatar kallo 80,000 a shekara, wato kusan 220 kowace rana ba fashi. Bayan an kai nan ma, abin da masu talla ke biya a kan mai kallo daga Nijeriya bai kai na Turai da Amurka ba ko kusa. Don haka ribar da ta fi kusa ga mai tasha a Gusau ita ce ta tsohon ɓoyayyen cinikin nan: odar cincin da dubulan na biki, sayar da yaji da dakakken daddawa, da ajin koyon girki da ake biya ta waya. Mabiya 800 da ke cikin gari guda suna iya ciyar da gida fiye da 20,000 da ke warwatse.

Akwai kuma abin da masu ba da shawara daga waje ba sa kawowa a lissafi. A farkon Satumba 2021 an rufe layukan sadarwa a duk faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, an kuma dakatar da kasuwannin mako. Gusau ta sami sabis a farkon Oktoba, sauran sassa kuwa sai wajen ƙarshen shekarar. Duk wanda cinikinsa ya rataya a kan manhaja kaɗai ya tsaya cik a waɗannan makonni, wanda kuma masu sayensa suka san hanyar da za su aiko yaro ya ci gaba da ɗan juyawa. Matsalar tsaron tana shafar ɗaukar faifan kansa. A yankin da ake satar mutane don kuɗin fansa, nuna ƙofar gida, ko motar maigida, ko fuskokin yara da kayan makarantarsu, bayani ne da ake miƙa wa wanda ba a sani ba. Masu tashoshi da yawa a arewa hannuwa da tukunya kawai suke nunawa, saboda kunya ko kulle, kuma hakan bai hana su mabiya ba, domin mai koyon tuƙin tuwo hannu yake kallo. Layin wayar karɓar oda ya zama daban da na gida, a kuma riƙa miƙa kaya a wani shago da aka sani a bakin titi.