Hannun gem na jika 170: Me zai tsinana wa ɗan wasan faɗa a Aderbissinat?

A gidan gem, abin da ke fara mutuwa shi ne hannu. Talabijin na iya shekara biyar tana aiki, na'urar PlayStation ma takan jure, amma hannun da matasa ke karɓa-karɓa daga hantsi zuwa tsakar dare da wuya ya daɗe bai fara gardama ba. Wasan ƙwallo na cin hannu a hankali. Wasannin faɗa irin su Mortal Kombat da Tekken da Street Fighter kuwa cinye shi suke yi da gaggawa, saboda babban yatsa ba ya hutawa a kan maɓallan.

A Kano ko Maraɗi wannan ƙaramar matsala ce, mai gidan gem zai hau babur ya shiga kasuwa ya sayo wani. A Aderbissinat lissafin daban ne. Garin na kan babbar hanyar Damagaram zuwa Agadas, kimanin kilomita 160 kudu da birnin Agadas, yankin makiyaya ne da kasuwar dabbobi. Kayan lantarki sai sun yi doguwar tafiya kafin su iso, ko dai ta Damagaram daga Kano, ko kuma ta arewa. Hannu ɗaya ya lalace, wasan mutum biyu ya tsaya, cinikin ranar ya tafi.

A daidai wannan lokaci ne hotunan wasu irin hannuwa na musamman ke yawo a TikTok da YouTube, wasu kamar akwati mai sanda a tsakiya, wasu kamar faranti mai cike da maɓallai. 'Yan uwa da ke ƙasashen waje ma kan samu saƙon ƙanne na neman a aiko musu da irinsu. Kafin a kashe kuɗin, yana da kyau a san abin da ake saye.

Me ya sa wasan faɗa ke da nasa hannun?

Kusan duk wasannin faɗa na tafiya ne a kan hoto 60 cikin daƙiƙa ɗaya, kuma da waɗannan hotuna ake auna komai. A Tekken, naushi mafi sauri na yawancin 'yan wasa na ɗaukar hoto 10 kafin ya sauka, wato kashi ɗaya cikin shida na daƙiƙa. Akwai dukan da ba ya fita sai an danna maɓalli biyu a cikin hoto guda. Wanda maɓallinsa ya ɗan maƙale, ko da bai lura ba, zai ga yana danna abu ɗaya wani abu na fitowa.

Tushen maganar ya koma 1991, lokacin da kamfanin Capcom na Japan ya fitar da Street Fighter II a kan manyan injinan da ake jefa wa tsabar kuɗi. Injin na da sanda ɗaya da maɓalli shida, uku na naushi uku na shuri. Da wasan ya shigo gidaje sai aka tarar hannun Sega na lokacin maɓalli uku ne kawai a fuskarsa, dole kamfanin ya fito da mai shida a 1993. Tun daga nan ake ƙera hannu don wasan faɗa kaɗai.

A yau iri uku ne ke kasuwa. Na farko hannu ne irin wanda aka saba, sai dai an jera masa maɓalli shida a fuska, kamar Fighting Commander na kamfanin Hori. Na biyu shi ne akwati mai sanda, wadda ake juyawa kamar giyar mota, ana ɗora shi a cinya. Mafi ingancinsu na amfani da kayan kamfanonin Sanwa da Seimitsu na Japan, irin waɗanda ke jikin injinan asali.

Na uku shi ne ya tayar da ƙura. Akwati ne maras sanda, an maye gurbinta da maɓalli huɗu: hagu, ƙasa, dama da sama. Kamfanin Hit Box na Amurka ne ya yaɗa shi, har sunansa ya zama sunan irin wannan akwatin gaba ɗaya, kamar yadda ake kiran kowane garin sabulu Omo. Amfaninsa a bayyane yake. Mai sanda sai ya janyo ta daga hagu ta ratsa tsakiya kafin ta kai dama, shi kuwa mai maɓalli ɗaga yatsa ɗaya kawai zai yi ya sauke wani.

Har ila yau akwatin na ba da damar abin da sanda ba za ta taɓa yi ba, wato danna sama da ƙasa a lokaci guda. A 2019 Capcom ya hana shahararren ɗan wasan Japan, Daigo Umehara, shiga gasar Combo Breaker da wani samfurin akwatin da aka yi wa gyara na musamman. A 2023 kuma kamfanin ya kafa doka a gasanninsa cewa idan aka danna sama da ƙasa tare, su kashe juna, kada ɗan wasa ya samu wani fifiko.

Lissafin aljihu

Razer Kitsune, ɗaya daga cikin fitattun akwatuna marasa sanda, ya shiga kasuwa a 2023 a kan dala 300. Idan aka juya zuwa sefa ya kai wajen jika 170, kafin a saka kuɗin jirgi da na kwastan. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata tun farkon 2024. Ke nan akwati ɗaya ya cinye albashin wata huɗu, kuma wasan faɗa mutum biyu ke yin sa.

Shigo da kaya ma ya ƙara wuya tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da rufe iyaka da Benin ya toshe hanyar Kwatano, aka koma bin Lome ta Burkina Faso. Hannun Hori ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, akwai kuma akwatunan China masu araha irin na Haute42, amma ko su ba kaya ba ne da za a tsinta a teburin mai sayar da caja.

Waɗanda suka ci duniya da hannun gida

Tambayar da ta fi damun matasa ita ce ko akwatin na ƙara iyawa. Tarihin gasar EVO, wadda ake yi a Las Vegas kuma ita ce mafi girma a wasannin faɗa, bai goyi bayan masu talla sosai ba.

A 2014 wani Bafaranshe da ake kira Luffy ya lashe kofin Street Fighter IV da hannun PlayStation ta farko, na'urar da ta fito tun 1994. Hannu ne fili, ko 'yan sandunan yatsa babu a jikinsa, sai da ya haɗa shi da adafta kafin ya yi aiki. Manyan 'yan wasan Japan da Amurka masu akwatuna masu tsada ya bi ta kansu.

A Disambar 2017 MenaRD, matashi ɗan shekara 18 daga Jamhuriyar Dominika, ya ci gasar Capcom Cup da kyautar dala dubu 250, shi ma da hannun PlayStation na yau da kullum. SonicFox, wanda ya daɗe yana mamaye gasannin Mortal Kombat, da irin wannan hannun yake wasa.

Labarin da ya fi kusa da namu shi ne na Arslan Ash, ɗan birnin Lahore na Pakistan. A ƙananan gidajen gem na unguwa ya koyi Tekken, a lokacin da duniya ba ta ma san ana wasan a ƙasarsa ba. A Fabrairun 2019 ya sha wahalar biza da sauye-sauyen jirgi kafin ya isa Fukuoka dab da fara gasar EVO Japan, ya kuma lashe ta. Bayan wata shida ya doke gwanin Koriya ta Kudu, Knee, a Las Vegas, ya yi sujada a kan dandamali. Shi da sanda yake wasa, don a kanta ya tashi. Abin da Lahore ke da shi a lokacin shi ne tarin abokan karawa masu zafi da ke haɗuwa kullum a ɗaki ɗaya, kuma wannan gidan gem na unguwa ke bayar da shi, ko a Aderbissinat ne. Ga mutanen da suka tashi da kallon kokawa da dambe, ba sabon karatu ba ne cewa da karo ake gogewa.

Masu ƙera wasannin ma sun fara sassautawa. Street Fighter 6, wanda ya fito a Yunin 2023, na da tsarin da ke fitar da manyan duka da maɓalli ɗaya, sai dai ƙarfin dukan na raguwa da kashi 20 cikin 100. An yi shi ne don masu hannun gida.

Inda akwatin ya fi amfani

A ganina wanda ya fi bukatar akwatin shi ne mai gidan gem, ko da yake ba a cika tallata masa shi ba. A ƙarƙashin maɓallan hannun da aka saba akwai roba mai ɗigon baƙin gawayi da ke taɓa fanel. Matsi na yau da gobe na yaga robar, ƙurar hunturu da gumi su toshe wurin taɓawar. 'Yan sandunan yatsa kuma idan rairayi ya shige su sai ka ga ɗan wasa na tafiya shi kaɗai ba a taɓa shi ba. Duk wanda ya san iskar Agadas ya san inda rairayi ke iya shiga.

Maɓallan akwati kuwa an yi su ne tun asali don injinan da jama'a ke bugu dare da rana. Kowanne zaman kansa yake yi, da waya biyu a gindinsa. Idan ɗaya ya mutu za a zare shi a cusa sabo cikin 'yan mintoci, sauran ba abin da ya shafe su.

Kuma ba dole ba ne a saye shi a haɗe. Tun kafin kamfanoni su shigo harkar, 'yan wasa a ƙasashe da dama ke haɗa nasu. Akan ɗauko fanel ɗin hannun da robarsa ta mutu, a like masa wayoyi da dalma, a kai su ga manyan maɓallai da aka dasa a jikin akwatin katako. Aikin kafinta ne na rabin yini da na mai gyaran waya, sana'o'i biyu da ba sa wuyar samu a garuruwanmu. Wannan dabara na aiki har a kan PlayStation 2, wadda har yanzu ba ta bar gidajen gem na karkara ba. Matattun hannuwan da ke jibge a kwali a bayan shago, da yawansu fanel ɗinsu lafiya lau yake.

Akwai kuma hanyar zamani. Raspberry Pi Pico wani ɗan allon lantarki ne da bai wuce tsawon yatsa ba, ya fito a 2021 a kan dala 4. Masu sa kai sun rubuta masa manhaja kyauta mai suna GP2040-CE, wadda ke mayar da shi ƙwaƙwalwar akwatin faɗa, kuma ita ce ke cikin yawancin akwatunan China masu araha. Ɗan uwan da ke Faransa ko Aljeriya da ke tunanin aiko da akwati ɗaya na jika 170, da kuɗin zai iya cika jaka da alluna da maɓallan da za su haɗa akwatuna masu yawa, har a samu na canji.

Sai dai a tambayi wace na'ura ce a shagon kafin a yi oda. Allon Pico na aiki kai tsaye a kan kwamfuta da PlayStation 3 da Nintendo Switch. PlayStation 4 kuwa tana binciken ko hannun na da lasisin Sony, idan babu sai ta yanke shi bayan kimanin minti takwas, sai an cire an sake sakawa. PlayStation 5 ta fi tsauri, ko hannun PlayStation 4 na asali ba ta karɓa a wasanninta. Maganin shi ne ƙaramar adafta irin ta kamfanin Brook, wadda ita kaɗai ta fi allon da maɓallan tsada.