Madubin kabu-kabu da bayan cokali

Shirinmu na yau yana Kara-Kara, nan cikin birnin Damagaram, unguwar da Aisha Maki ta nuna wa duniya a fim ɗinta mai suna Zinder na shekarar 2021. Sai dai mu a yau gaban babur za mu tsaya, wurin ɗan madubin nan da ƴan kabu-kabu ke leƙawa sau ba adadi tun daga asuba.

Ɗan'uwa mai babur, in kana kusa da shi, shafa madubin da ɗan yatsa. Za ka ji ba a shimfiɗe yake sumul ba, ya ɗan yi tozo, tsakiyarsa ta turo waje. Da gangan aka ƙera shi haka.

Ƙa'idar haske a kan madubi ɗaya ce tak: da karkatar da ya sauka, da ita yake tashi, kamar ƙwallon da yaro ya buga a jikin bango. A madubin ɗaki, wanda yake shimfiɗaɗɗe, ko'ina fuskarsa wuri guda take kallo, shi ya sa yake nuna mutum daidai girmansa. Mai tozo kuwa, kowane gefe nasa wani ɓangare yake fuskanta. Gefen dama na kwaso abin da ke can dama, na hagu na kwaso na hagu, duka ya tattaro su cikin abin da bai wuce tafin hannu ba. Mai amalanke, akuyar da ta ɓallo daga lungu, babbar motar da ta taso daga hanyar Tanut, duk suna ciki, a tsaye ƙyam, amma ƙanana.

To, a nan haɗarin yake. Ido ya saba cewa abu ƙarami yana nesa. A ce madubin yanki ne na dunƙulallen ƙwallo mai mita 1 daga cibiya zuwa baki. Motar da ke mita 10 a bayanka, girman da za ta nuna a ciki irin na wadda ta wuce mita 20 ne. Ka ga kana da sarari, ka karya kan babur, alhali tana wuyanka. Saboda haka ne a Amurka doka ta sa ake rubuta gargaɗi a jikin madubin mota na gefen fasinja, cewa abin da ke ciki ya fi kusa da yadda yake bayyana. A ganina, wanda madubinsa ya fashe ya sa aka yanko masa na ɗaki aka liƙa, bai yi gyara ba: motar za ta fito da girmanta, amma duk wanda ke gefe ya ɓace masa.

Uwargida, ke ma kina da wurin gwaji a madafa. Ɗauki cokalin ƙarfe mai sheƙi, ki dubi bayansa: ga ki a tsaye, ƙarama, hanci ya yi gaba. Juya cikinsa. Kanki ya koma ƙasa, ɗankwali a gindi.

Me ya juya ki? Cikin cokali madubi ne mai rami, shi kuwa tara haske yake yi. Hasken da ya zo daga nesa, in ya bugi ramin, sai ya taru a wani ɗigo da ke gabansa, wanda za mu kira matattara. Tana rabin nisan da ke tsakanin madubin da cibiyar lanƙwasarsa: in cibiyar na santimita 40, matattara na santimita 20. Hasken goshinki da na haɓarki sukan gitta wa juna kafin su iso idonki, na sama ya yi ƙasa, na ƙasa ya yi sama. Da fuskar za ta shiga tsakanin matattara da madubin, da hasken bai samu gittawa ba, sai hoton ya miƙe ya ƙara girma. Matattarar cokali ta yi kusa ainun, amma madubin aski da na kwalliya masu faɗaɗa fuska haka suke aiki, har da ɗan madubin da likitan haƙori kan sa a baki.

Fitilar babur ma ramin ne, aka juya aikinsa. An dasa ƙwan a matattara, sai hasken ya fita a miƙe ya haska hanya. Farantin tauraron ɗan'adam da ke bisa soraye shi ma tarawa yake, ɗan kan da ke maƙale a gabansa yana zaune a matattara.

Ilimin nan tsoho ne. Ibn Sahal ya yi rubutu kan madubai masu ƙona abu wajen shekarar 984, Ibn al-Haisam ɗan Basra kuma ya zurfafa lissafin madubai masu lanƙwasa a littafinsa Kitabul Manazir. Mu ma muna da namu. Farfesa Abdu Mumuni, wanda aka haifa a Tasawa a 1929 ya rasu a 1991, ya sha bincike kan yadda madubi mai rami ke tara zafin rana, ya kuma shugabanci ONERSOL, ma'aikatar makamashin rana ta Nijar. Sunansa jami'ar Yamai take ɗauke da shi.

Lissafin tara zafin rana mai sauƙin fahimta ne ga duk wanda ya san ranar Damagaram a watan Afrilu. Da tsakar rana, kowane murabba'in mita ɗaya na samun kusan wat 1,000. Faranti mai rami da aka lulluɓe da abu mai sheƙi zai tara yawancin wannan zafi a gindin tukunya guda, ruwa ya tafasa ba itace ba gawayi. Sai dai rana tafiya take, dole a riƙa juya farantin yana bin ta. Kuma yara, kada wanda ya kai ido ko hannu wurin da hasken ya taru, don takarda ma kama wuta take yi a can.