Gargaɗi ga Masu Bishiya a Gida: A Duba Ta Kafin Hadarin Farko

Jama'a, masu gida da 'yan haya, masu unguwanni, limamai da shugabannin makarantu: duk wanda ke da darbejiya, turare, mangwaro, cediya ko maɗaci a tsakar gida ko a ƙofar gida, ya fita yau ya tsaya a gindinta ya ƙare mata kallo. Kada a ce sai gobe. Tsakanin watan Afrilu da Yuni, gwargwadon kusancin gari da kudu ko arewa, hadarin farkon damina ke tasowa daga gabas, kuma kowa ya san halinsa. Iska da ƙura ne ke riga ruwa isowa, galibi da yamma ko cikin dare, daidai lokacin da zafin bazara ya kori iyali daga ɗaki suka shimfiɗa tabarmi a waje.

Akwai dalilin da ya sa na ware waɗannan itatuwa. Kuka takan zubar da ganyenta tun cikin rani, iska ta zo ta ratsa rassanta ta wuce. Gawo ma da damina ta kawo jiki sai ya kaɗe. Su kuwa waɗanda na lissafa ganyensu ba ya ƙarewa duk shekara. Ko darbejiya da ke rage nata a ƙarshen hunturu, kafin hadari ya zo ta riga ta yi sabon toho ta cika fam. Iska takan same su da kaya niƙi-niƙi, ta cika su kamar yadda take cika buɗaɗɗiyar lema. Idan ruwa ya biyo baya ganye ya ƙara nauyi, ƙasar da ke riƙe da saiwa kuma ta yi laushi.

Kada wani ya ji wannan ya ɗauko gatari. Darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro, maina ko bedi, asalinta daga ƙasar Indiya ne, an fara dasa ta a Barno a 1928, kuma wanda ya san Maiduguri ya san abin da inuwarta ta yi wa garin. A kwarin Majiya da ke jihar Tawa a Nijar, tun 1975 aka jera ta layi-layi don ta tare wa gonakin gero iska, ta kuma tare. Lafiyayyar bishiya garkuwa ce ga rufin kwano. Wadda ke faɗa wa ɗaki, sau da yawa, ita ce wadda mu da kanmu muka illata ba mu sani ba.

Illar farko a ƙarƙashin ƙasa take. Mutane da yawa na ɗauka cewa saiwa tana nutsawa ne daidai tsawon bishiya. Gaskiya ne darbejiya tana da uwar saiwa mai zurfi, amma yawancin saiwoyin da ke ciyar da itace, suke kuma ɗaure shi da ƙasa, ba su kai zurfin mita guda ba. A kwance suke tafiya, har su wuce iyakar inuwa nesa. To, mai gida ya kira lebura a haƙa harsashin katanga, ko sokawe, ko kwata, ko hanyar bututun famfo, taku biyu daga gindi. Lebura ya ci karo da saiwa mai kaurin cinya, ya sa gatari ya datse, aiki ya ci gaba. Bishiya ba za ta nuna komai ba. Za ta ci gaba da zama kore shar shekara biyu, uku, har fiye, alhali ɓangare guda ba abin da ke riƙe da ita. Wannan shi ne abin da nake so kowa ya riƙe: koren ganye ba shaidar ƙarfin gindi ba ne. Haka kuma malala siminti ko jera intalok har jikin itace yana hana saiwa ruwa da iska, ta yi ta ruɓewa a ɓoye. Ƙona shara a gindi, ɗaure wayar shanya har ta nutse cikin ɓawo, da sassaƙe maɗaci zagaye don magani, duk suna kashe ɓangaren da ke da rai, domin abincin da ganye ya sarrafa ta can ƙarƙashin ɓawo yake sauka zuwa saiwa. Inda aka raunata, nan gara da ruɓa ke samun ƙofa.

Illa ta biyu ita ce ta fi damuna, saboda da kyakkyawar niyya ake yin ta. Mai gida ya ga bishiya ta yi tsawo, tsoro ya kama shi, ya kira mai sara ya ce a rage mata kai. Mai sara ya hau da adda ya gundule manyan rassa duka, ya bar guntaye a tsaye, ya sauko ya karɓi kuɗinsa da itacen girki. Darbejiya ba ta mutuwa da wannan, shi ya sa ake ganin dabara ce. Cikin 'yan watanni kowane guntu zai fitar da toho goma ko ashirin, miƙaƙƙu, masu saurin girma. Amma reshen asali tun yana ƙarami yake saƙe da jikin uwa, kowace shekara itace na ƙara naɗe shi ciki. Shi wannan toho a gefen ɓawo kawai yake manne, kan guntun da ruwa ke kwantawa a kansa yana ruɓar da shi daga tsakiya. Bayan shekara huɗu ko biyar sai a wayi gari da manyan rassa masu nauyi a zaune kan ruɓaɓɓen tushe, bishiya ta koma tsawonta na da, ta kuma fi da duhu. Irin waɗannan rassa ne iska ke fizgewa ta yar a kan kwano. Duk wanda ya san an taɓa yi wa bishiyarsa wannan sara, ita ce ta farko da zai sa a duba.

Ga abin da za a nema. A zagaya gindi, a ga ko ƙasa ta tsage ko ta kumbura ta gefe guda, ko bishiyar ta fara karkata alhali da a miƙe take. Idan an ga haka, kada kowa ya sake kwana a ƙarƙashinta ko a ɗakin da ta sunkuya a kai. A ƙwanƙwasa jikinta da ƙotar gatari, a saurara ko akwai amon kogo. A duba hanyar gara, da laimar kwaɗi da ke tsirowa a jikin itace ko kan saiwa, domin alamar ruɓa ce a ciki. Sannan a ɗaga kai: busassun rassa, reshen da ya karye ya maƙale, kauci da ya yi yawa, da wurin da itace ya rabu biyu a matse har tsaga ta bayyana a tsakani.

Turare kuwa hukuncinsa daban. Daga Ostireliya aka kawo shi, yakan haura mita 30, kuma ko a ƙasarsa an san shi da sakin babban reshe ba iska ba hadari, musamman lokacin tsananin zafi. Ya dace da shingen tare hamada irin na Kano da Jigawa. A ganina bai dace da tsakar gida ba, balle harabar makarantar allo ko wurin da mai shayi ke kafa tebur.

Idan za a yi sara, a yi shi da ilimi. A fara cire matacce da karyayye, sannan a rage rassan da suka miƙa kan rufi ta hanyar datse su a inda suka haɗu da wani reshe mai rai. Kada abin da za a cire ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen a shekara guda. Babban reshe sau uku ake yanka shi: a fara tsaga shi ta ƙasa kamar kamu guda daga jiki, a yanke ta sama gaba kaɗan da wurin har ya faɗi, sannan a cire guntun da ya rage a daidai bakin kumburin da ke gindin reshe, ba tare da an taɓa kumburin ba, don daga nan ne itace ke rufe rauninsa. Zarto ya fi adda. Shafa baƙin mai ko fenti a wurin yanka ba ya hana ruɓa. A ɗaure reshe da igiya, a kori yara daga gidan gaba ɗaya har a gama. Bishiyar bakin titi kuma a nemi ma'aikatan gandun daji tukuna, domin a garuruwa da yawa sai da izininsu. Masu shirin dashe a wannan damina su bar aƙalla mita 6 tsakanin darbejiya ko mangwaro da gini, sokawe ko rijiya.

Sai batun wayar lantarki, kuma a nan ba sassauci. Reshen da ya taɓa waya ko ya kusance ta, kada mai gida ya hau, kada ya tura yaro, kada ya amince wa mai sara ko da ya rantse ya saba. Ɗanyen itace yana ɗaukar wuta, babban layi kuma wutarsa na iya tsallakowa ba sai an taɓa ba. Cewa an ɗauke wuta ba hujja ba ce, ana iya dawo da ita mutum na sama. A kai rahoto ofishin kamfanin wuta na yankin, KEDCO ne, Kaduna Electric ne ko Nigelec, su kashe layin kafin a taɓa komai.

Ranar da aka ga gabas ta yi baƙi, a tashi yara da tsofaffi daga ƙarƙashin itace tun kafin iska ta iso, a kwance dabbobin da aka ɗaure a gindi, a janye mota da babur. Kada a fake wa ruwa a ƙarƙashin doguwar bishiya, saboda aradu. Idan itace ya faɗi ya tsinka waya, a ɗauka akwai wuta a jikinta, a ja baya kamar mita 10, a hana kowa taka ruwan da ke kusa, a kira 112 a Najeriya ko 18 a Nijar. Ina roƙon masu unguwanni su sa a yi shela, limamai kuma su faɗa bayan sallar Juma'ar wannan mako, sannan a naɗa mutum biyu ko uku su bi gida-gida, su fara da gidajen zawarawa da tsofaffin da ba su da mai duba musu.